Wasiƙar Mutumin Jawa

Ni ba na saka kanumfari a zomkom, ruwan geron nan da nake sayarwa. Masu saye sun yi magana har sun gaji, wata 'yar Mosi da ke zuwa duk Juma'a har ta ce rowa ce ke damuna. Na ce to, rowa ce, ki nemi mai kyauta. Citta zan zuba, tsamiya zan zuba, amma kanumfari, in dai da hannuna za a daka shi, a'a. Shekaranjiya ɗiyata ta sayo shi saboda haƙori ya dame ta, ta kwance ƙullin a tsakar gida, ƙanshin ya same ni ina tsakiyar tace gero. Sai da na ajiye rariya na nemi wuri na zauna. Ta tambaye ni ko lafiya, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido. Ko wuta ba a hura ba.

Bari in gaya maka dalili, tun da ita na kasa gaya mata.

A Zongo aka haife ni, Zongon Wagadugu na da, wanda in ka je yau ko tubalinsa ba za ka gani ba. Gidan kakana ne, mahaifin Baba. Kowa Malam yake ce masa, har Iya matarsa. Ni kuwa maigida nake ce masa, shi ya ce mini amarya, irin wasan jika da kaka, kullum yana ƙorafin tuwona ya yi ruwa ko na hana shi goro. Akwai dogonyaro a ƙofar zaure, a gindinsa yake karantar da manya da hantsi. Baba direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana hanyar Yamai, sai ya yi mako biyu ba mu gan shi ba. Saboda haka a gaban Malam na tashi, tsakanin buzunsa da littattafansa masu warin tsohuwar fata.

Malam ya yi shekara bakwai a Masar yana saurayi. A can ya haɗa ɗaki da wani ɗan ƙasar Indonesiya, wanda a gidanmu ba a taɓa kiransa da komai ba sai Mutumin Jawa. Tukunyarsu ɗaya, bargonsu ɗaya. Malam ya ce shekarar da zazzaɓi ya kusa kashe shi, wannan ɗan ƙaramin mutum ne ya goyo shi daga hawa na huɗu har bakin titi, ga Malam dogo, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Ranar da za su rabu suka yi alkawari, ɗan kowannensu ɗan ɗayan ne.

Sau biyu a shekara wasiƙa take zuwa. Ambulan shuɗi marar nauyi, rubutun Larabci da hannu, kuma ko yaushe da 'yan ƙwayoyin kanumfari a ciki, na gonar mahaifinsa. Malam ya jefa ɗaya a baki ya yini yana tsotsa, sauran ya miƙa wa Iya ta sa a kunu. Mu yara har mun san ranar da wasiƙa ta zo daga ɗanɗanon kunun. Da yanar ido ta fara rufe idon Malam, ina da shekara goma sha biyu, karatun ya dawo kaina. Ni zan je gidan waya in ɗauko daga akwatin wani Bakano mai sayar da atamfa, wanda duk layinmu da adireshinsa ake amfani, ni zan karanta, ni zan rubuta amsa yana faɗa mini.

Da bakina na karanta hawan mutumin nan mataki mataki. Ya fara da karantar da yara a makarantar kwana ta ƙauyensu. Aka ɗauke shi jami'a. Ya tafi Turai ya ƙaro karatu, ya dawo ya rubuta littattafai a kan yadda za a haɗa karatun addini da na zamani a aji ɗaya. Sai ga shi shugaban jami'a gaba ɗaya. Ni ina karantawa ina murna kamar ni aka ba. Amma na lura duk lokacin da aka ƙara masa girma, sai Malam ya daina tsotsar kanumfarin, ya tofar da shi a tafin hannu ya zuba masa idon da ba ya gani sosai. Ranar labarin shugabancin jami'a, abin da ya ce kawai shi ne, yana ta matsawa kusa da ƙofa. Na ce wace ƙofa, maigida? Ya ce ta masu mulki. Bai ce mini amarya ba ranar.

Iya ce ta warware mini, muna surfe. Ta ce mahaifin Malam babban malami ne, a zamanin Nasara kwamanda ya kira shi ya ba shi aikin rubutu, aka sa masa alkyabba, aka yi ta zuwa barka. Shekara ba ta zagayo ba sai ga shi yana rubuta sunayen samarin da za a kwasa aikin dole, a tafi da su shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Cikinsu har da ɗalibansa. Waɗansu ba su dawo ba. Ta ce tsohon ya mutu yana wanke hannun dama, a kawo ruwa ya wanke, a jima ya ce a sake kawowa. Malam yana yaro ya ga wannan da idonsa.

Daga nan ya samo dokarsa. Duk takardar da ke da tambarin hukuma ba a buɗe ta a gidansa. Ba ya yagawa, ba ya ƙonawa, yana cewa amanar mai ita ce. Akwai wani akwatin ƙarfe kore a ƙuryar ɗakinsa, sai ya ɗaga buzun da ke kai ya jefa ta ciki ya rufe. Haraji da sauran sha'anin meri, wato ofishin magajin gari, Baba ke yi a waje, a tsaye, ba ya shigo da su ko zaure. Mu kuma mun tashi muna tsoron akwatin nan. In ina shara, nesa da shi nake bi da tsintsiya.

Ina da shekara goma sha shida na gama duk abin da ake karantarwa a madarasarmu, na gama littattafan da Malam ke iya biya mini da ka. Kai da ka san Waga ka san inda takardar Larabci take kai mutum. Ba ta kai shi ko'ina. Duk ofis da Faransanci ake shiga. Samarin da suka fi mu ƙwaƙwalwa ga su nan suna sayar da shayi a bakin tasha, balle ni mace. Ni kuwa karatu nake so, so irin na ciwo. Ina so in tsaya gaban aji da alli a hannu, in rubuta littafi da sunana a bango kamar Mutumin Jawa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma Malam ya sani.

A bazarar shekarar, lokacin da mangwaro ya cika kasuwa, wasiƙa ta zo. Mutumin Jawa ya ce matarsa, wadda ke riƙe da makarantar 'yan mata, ta ga rubutun amsoshin da ake aiko masa, ta tambayi hannun wane ne. Ya ce in jikar nan ce da ake ba shi labari, to a ba shi ita, lokacin cika alkawarin Masar ya yi. Bayan Babbar Salla zai aiko da bayanin tafiya, domin ana buɗe makaranta kafin ƙarshen damina. Malam ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wato wani ɗan guntun mutum zai ƙwace masa amarya daga bayan teku. Sannan ya ce in ɗauko alƙalami in rubuta, ya ba da ni.

Baba ya dawo ya ji, ya sayo mini jaka a Yamai. Iya ta fara daka mini kuka da daddawa, wai ta ji mutanen can shinkafa kawai suke ci, kar in rame.

Saura kwana tara Salla abin ya faru. Malam yana da ƙaramar rediyo da yake kama tashar Larabci bayan azahar. Ina wanke kwanoni na ji ya ƙwala mini kira, da sunana na yanka, abin da ba ya yi. Na same shi riƙe da rediyon a kunne. An sake maimaita labarin ina tsaye: an naɗa sabuwar gwamnati a Indonesiya, kuma ministan ilmi shi ne shehin malamin nan, Mutumin Jawa, aka faɗi sunansa cikakke. Na buɗe baki zan yi guɗa. Malam ya ajiye rediyon a hankali ya ce, inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wallahi zaman makoki ya yi. Ya sa Iya ta toya masa ta sadaka, aka shimfiɗa tabarmi a zaure, ya zauna kwana uku da carbi. Maƙwabta suna shigowa suna tambayar wa ya rasu, ya ce ɗan'uwansa ne na Masar. Su yi addu'a su shafa. Direbobin Nijar abokan Baba suka zo, Bakano mai atamfa ya zo. Shi ya san gaskiyar maganar, na gan shi yana fita yana girgiza kai. Ni ina kai ruwa zaure ina dawowa, jakar Yamai tana rataye a ƙusa tana kallona. Ba wanda ya ce an fasa tafiyata. Ba wanda kuma ya sake ambatonta.

Bayan Salla da mako biyu na je gidan waya. Ruwan farko ya sauka daren jiya, gari ya yi luf, ƙasa tana ƙanshi. Na buɗe akwati, ga ambulan. Ba shuɗin da na sani ba, fari ne, dogo, mai kauri, an buga adireshin da inji. A kusurwarsa ga tambari, wani tsuntsu ya buɗe fukafukai. Na juya shi, na ji wani abu ya yi ɗan motsi a ciki. Na kai hanci. Kanumfari.

Daga gidan waya zuwa gidanmu tafiyar minti ashirin ce. Na yi ta a awa guda. Na tsaya a gindin wata bishiya ta wajen Kuluba, na sa farce a bakin mannen, har ya ɗan ɗago. Na san bayanin tafiyata ne a ciki. Na san in na kai shi gida inda zai kwana. Ba mai ganina sai wani mai gyaran babur da ko ɗaga kai bai yi ba. Amma an ce mini tun ina rarrafe wasiƙa amana ce, kuma sunan Malam ne a kai, ba nawa ba. Na shafa yawu na mayar da mannen.

Malam ya karɓa ya shafa da yatsa, ya ji tudun tambarin. Ya tambaye ni mene ne wannan, na faɗa masa gaskiya. Na yi sauri na ƙara da cewa ya shinshina, akwai kanumfari, shi ne dai, bai canza ba. Ya kai hanci ya daɗe. Sannan ya miƙe, ya lalubi bango, ya shiga ɗaki. Ina daga tsakar gida na ji ƙarar murfin akwatin.

Damina ta kankama. Kullum ruwa ya bugi kwano sai in lissafa, yanzu saura kaza a buɗe makaranta. Baba ya gwada sau ɗaya, ya durƙusa a zaure ya cire hula, ya ce ko a ba shi takardar ya kai waje a buɗe, kamar ta haraji. Malam ya ce ta haraji hukuma ce ke karɓa daga hannunmu, wannan kuwa ba mu za ta yi, kuma ba a karɓar kyautarta a tashi haka nan. Ya ce da ɗan'uwansa ya yi alkawari, ba da minista ba. Baba ya mayar da hularsa ya tashi. Iya ta zuba kukar da ta daka mini a miyar gida.

A cikin daminar ne aka fara ganin jan fenti. Da ma an daɗe ana raɗe-raɗin za a tashi unguwa a gina manyan benaye, ba wanda ya yarda. Sai ga waɗansu mutane da bokiti da buroshi suna bin bango suna rubuta lamba. Suka fara daga ta wajen Kuluba. Mako ya zagayo suna bayan masallaci. Ruwa yana dukan fentin yana zubowa a jikin bangon ƙasa, ja, har ƙasa. Tsofaffi suka daina hira a gindin dogonyaro, sai dai a zauna ana kallon bakin layi. Ranar da suka iso bangonmu, wani saurayi mai ladabi ya miƙa wa Malam takarda da hannu biyu. Ita ma akwatin ta tafi.

Ranar na kasa haƙuri. Na bi shi ɗaki, na tsaya a kansa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Malam, kai ka yi shekara bakwai a Masar. Ni ko shekara ɗaya ba za ka bar ni ba? Ba ka ma san abin da ke ciki ba."

Ya ce, "Na sani. Alheri ne a ciki. Babana ma alkyabba aka fara ba shi." Ya juyo da farin idon nan wajena ya ce, "Ki ji haushina ina raye, ya fi mini in tura ki ki ci abin da ban san tushensa ba."

Na ji haushinsa kuwa. Na daina ce masa maigida. In kai masa tuwo in ajiye in juya. Ya yi ta ƙoƙarin ja na da wasa, wai amarya ta yi yaji, ban ko murmusa ba.

Damina ta wuce da lokacin buɗe makaranta. Wata wasiƙar ba ta sake zuwa ba, fara ko shuɗiya. Shekara ta zagayo katafila ta shigo Zongo da safe, muna tsaye da kayanmu a kan kamiyon Baba. Dogonyaron ne ya ba su wuya, sai da suka sa sarƙa. Malam yana zaune a gaban mota, akwatin kore a kan cinyarsa, yana tambayar Baba ƙarar mene ne wannan, yanzu kuma wane ɗaki ne ya faɗi. Muka koma bayan gari, can gaba da Pisi, inda tun asuba ba ka jin komai sai ƙarar masu fasa dutse.

Wata bakwai ya yi a can. Ba ɗalibai, ba inuwa. Amma duk Alhamis sai ya ce in je gari in duba akwatin Bakano. Na gane abin da yake jira. Ambulan shuɗi yake jira, mai rubutun hannu, wanda zai nuna masa ɗan'uwansa ya fito daga ƙofar nan ya dawo. In dawo in ce babu. Ya ce to, wataƙila mako mai zuwa. Ranar Laraba ya rasu, da hantsi, bayan ya tuna mini gobe Alhamis.

Sai bayan sadakar arba'in Baba ya buɗe akwatin. Takardu ne fal, waɗansu tun kafin a haife shi. Ya tono farin ambulan ya miƙo mini. Mannen da na shafa wa yawu yana nan yadda na bar shi. Na yaga. Ƙwayoyin kanumfari suka zubo a zanena. Takarda ɗaya ce, ba tambari, ba bugun inji, rubutun hannun nan ne da na sani kamar nawa.

Mutumin Jawa ya ce ya san labari ya riga ya iso, kuma ya san Malam ya yi masa innalillahi, domin bai manta labarin mahaifinsa da wankin hannu ba. Ya ce ya karɓi aikin ne saboda yaran ƙauyuka irin nasu da ba su da malami, amma tsoro yake ji, bai taɓa jin tsoro irin wannan ba, yana roƙon addu'a. Game da yarinya kuwa, ya ce kada Malam ya damu, ko ƙwayar shinkafa ta hukuma ba za ta ci ba. A gidan matarsa za ta zauna, a makarantar ƙauye, kuma da amfanin gonar kanumfarin mahaifinsa za a yi mata komai, har jirgi, ya ware shi tun kafin a naɗa shi don ya san halin ɗan'uwansa. Ya ba da haƙuri a kan ambulan, ya ce yanzu duk abin da ya rubuta sai ya bi ta hannun ma'aikata, ba sa barinsa ya je gidan waya da kansa. Layin ƙarshe kuwa na haddace shi, ko ina barci aka tashe ni zan kawo shi.

"In ka amsa, ko da zagi ne, zan san ina da ɗan'uwa. In ka yi shiru, na fahimci hukuncinka, ba zan sake damunka ba."

Baba ya ce in fassara masa. Na fassara har zuwa gonar kanumfari, daga nan ya tashi ya fita waje.

Na rubuta amsa a makon, na aika tsohon adireshi. Ban san ko ta isa ba. Shekaru bayan haka wani ɗalibi da ya dawo daga can ya ce mini mutumin ya gama wa'adinsa lafiya, ba a taɓa jin ya taɓa abin kowa ba, ya koma aji da allinsa, a nan ajali ya same shi. Ni kuma na yi aure, na haifi huɗu, ina dama zomkom. Larabcina yana nan, da shi nake karanta wa maƙwabta takardar magani in ta zo daga Makka.

Yanzu in ka bi ta inda Zongo yake, benaye ne masu gilashi, da filayen da ciyawa ta cinye. Na taɓa tsayawa ina neman inda dogonyaron yake, mai gadi ya tambaye ni da Faransanci abin da nake nema. Ɗiyata tana lise, wato sakandare, saƙo yana shigo mata a waya ta buɗe kafin ya gama ƙara. Tana yi mini dariya wai ni ko takardar kuɗin ruwa aka kawo, a bakin ƙofa nake yage ta, hannuna da ƙullu, ba na ko bari mai kawowa ya juya. Na bar ta ta yi dariyarta.

Na daɗe da yafe wa Malam. Abin da ya gani ya gani, kuma don ni ya ji tsoro. Wadda na kasa yafe wa ita ce yarinyar nan mai ladabi da ta tsaya a gindin bishiya ta wajen Kuluba, farcenta ya riga ya ɗaga mannen. Da ta ƙarasa, da ta sha faɗa na yini ɗaya, tsofaffi biyu kuma da ba su mutu kowanne yana jiran wasiƙar ɗan'uwansa ba.